Wanda Ya Riƙe Ƙofar Dutse

Wata Asabar ce a watan Oktoba, shekarar da na shiga aji uku a firamare, babban yayanmu Ishaya ya cicciɓe ni ya ɗora a kan rumfar tsaro ta gonarmu, ya miƙo mini ƙanena Ayuba kamar damin kara, sannan shi ma ya hauro. Ƙauyenmu yana can gefen hanyar Bena, gonar kuma tana gindin wani tsauni mai tsaga a tsakiya, sai ka ce an sa gatari an sare shi. Dawa ta fitar da kai, ƙwaya ta fara cika, tsuntsayen jan-baki kuwa sun samu labari. Aikinmu shi ne mu zauna a saman rumfar nan da aka kafa da itace aka shimfiɗe da kara, mu riƙa jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, mu yi ta ihu har murya ta dushe. Ni ranar kuka nake yi wiwi, don Mama ta tafi kasuwar Zuru ta ƙi tafiya da ni, kuma na rantse ko tsuntsaye za su cinye gonar tas ba zan taɓa igiya ba. Yaya bai lallashe ni ba. Ya sa dutse a majajjawa, ya wulwula ya saki, ya bi shi da kallo, sannan ya nuna tsaunin da haɓa ya ce, "Kin ga tsagar can, Saratu? Yara uku sun bi akuya sun shiga, har yau ba su fito ba." Na share majina da bayan hannu na ce ƙarya ne. Ya ce to shi ke nan, tunda ƙarya ne ya yi shiru, dama mai jan igiya kaɗai ake ba wa labari. Ba a jima ba gwangwanaye suka fara kuka, kuma hannuna ne a kan igiyar.

Yaran uku su ne Tanko, babbansu, da ƙanwarsa Ladi mai kwando, da autansu da ake kira Na-Baya, don kullum shi ake tsayawa jira a hanya. Akuyar kuwa sunanta Kyalla, kuma tana shiga cikin dutsen bakinta ya buɗe, ta fara magana, ta kuma fi kowa rashin kunya. Bayan tsagar akwai wata ƙasa da ba a taɓa ganin irinta ba. Akwai kogin kunun zaƙi, wanda ba a tsallake shi da kwalekwale, sai dai ka sunkuya ka shanye hanyarka. Birai ne alƙalai, suna sanye da hulunan da suka sato a kasuwar Bena. Akwai kasuwar da ba a ciniki sai da waƙa, mai mummunar murya ya wuni da yunwa, shi ya sa Tanko ya rame a makon farko. Da yarenmu Yaya ke ba da labarin, amma duk sarki ko alƙalin da ya fito sai ya sa masa Hausar rediyo, ya kumbura kumatu yana jan murya, mu yi ta dariya har rumfa ta riƙa rawa. Ƙofar dutsen ta rufe a bayansu tun ranar da suka shiga, kuma duk yawon da suke yi hanyar gida suke nema, wurin uwarsu da ta ɗora tuwo tana jiransu. Ba sai an gaya mini ba, na san ni ce Ladi, don bakinta ba ya mutuwa. Ayuba ya yi ta musu wai shi ba Na-Baya ba ne, alhali ko rumfar sai an jawo shi yake hawa.

Labarin yana da dokoki, kuma Yaya bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ba a yin sa sai a kan rumfa, daga ran da dawa ta fitar da kai zuwa ran da aka girbe ta. Da an kai damin ƙarshe rumbu, labari ya rufe ke nan, sai baɗi. Na yi masa magiya a tsakar gida, na yi a hanyar rafi, na yi a bakin coci ran Lahadi, har naman Kirsimetina na taɓa ba shi. Ya karɓa ya cinye, ya lashe yatsu, ya ce, "Ina rumfa?" Kai, Yaya ya iya ƙular da mutum! Doka ta biyu, duk shekarar da ta ƙaru a kanmu ta ƙaru a kan su Tanko. In haƙorin Ayuba ya fita, na Na-Baya ma ya fita. Shekarar da na fara ɗaukar tulun manya, Ladi ma aka canza mata babban kwando. Ta uku kuwa, wadda a lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba, ita ce abin da ya faru a cikin labari ya faru, ba a dawo da shi.

Saboda haka ni shekarata daga Oktoba take farawa, sauran watannin duk jira ne. Da rani mu je itace, mu yi sammakon rafi tun ruwan bai gurɓace ba, mu zauna ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu har yatsunmu su yi kanta. Da farkon damina mu bi Kaka tsintar kaɗanya, mu shanye rabi a hanya, mu kawo mata ƙwallon. A filin makaranta mu 'yan mata muna carafke da 'yar gala-gala, su Ayuba suna langa suna dawowa da gwiwa a fashe. Ni kuwa a ajinmu babbar 'yar kasuwa ce, don abin da na ji a rumfa shi nake raba wa 'yan aji a lokacin tara, su ba ni rake ko dafaffen rogo, in na manta wani wuri in cike da nawa. Da an yi shuka kuma sai na fi Baba duba gona. In na taso daga makaranta, jakar leda a rataye, sai na ratse ta can na gwada tsawona da dawa, yau ta kai gwiwa, jibi ta kai ƙugu, in tsaya ina yi mata faɗa ta yi sauri. Baba yana ta yabona a wurin maƙwabta, wai ɗiyarsa ta gaji noma. Bai san ba ruwana da rumbunsa ba, kan dawa kawai nake jira.

Ban san ranar da ɗaci ya fara shiga labarin ba. Shekarar da Yaya ya shiga golmo, wato noman da samarinmu ke yi wa iyayen yarinyar da suke so shekara da shekaru kafin a ba su ita, yakan zo rumfa a gajiye, tafin hannunsa duk ya fashe. A shekarar ne kogin kunu ya ƙafe. Su Tanko suka iske wani tsoho mai gadin hanya, ya ce ba zai nuna musu ƙofa ba sai Tanko ya nome masa gonarsa, kuma duk kunyoyin da ya tayar da garma yau, gobe sai ya tarar sun baje. Mun yi dariya, amma ba irin ta da ba. Shekarar da ta biyo, ruwa ya ɗauke tun dawa na da ciki, Kaka kuma ta rasu a cikin daminar. Gonar ta yi ɗan abin da ta yi, muka hau rumfa muna tsaron abin da bai taka kara ya karya ba, sai ga yunwa ta shiga ƙasar bayan dutse. Birai alƙalai suka daina ba da dariya, suka koma ba da gaskiya ga wanda ya fi kawo musu hatsi. Na-Baya ya kwanta ciwo, ba abin da za a sa masa a baki. Sai Kyalla, mai bakin nan da ba ta raga wa kowa, ta je gaban Tanko ta kwanta ta miƙa wuya, ta ce ya yi sauri kafin ta fasa.

Na jira in ji dabarar da za ta fitar da ita, don Kyalla ba ta taɓa rasa dabara ba. Sai kawai Yaya ya ce Na-Baya ya sha romo ya tashi. Wayyo! Na miƙe tsaye a kan rumfa na ce ya dawo da ita yanzu-yanzu, ai bakinsa ne, shi ya yi ta, ba wanda zai kama shi. Ayuba ya fashe da kuka yana cewa shi bai sha ba, wallahi shi bai sha ba. Na tsinko gwangwani ɗaya na jefi Yaya da shi, ya same shi a goshi, tsakuwa ta watse. Bai rama ba. Ya shafa wurin ya ce, "Kin girma, Saratu. Ita ma Ladi ta girma." Na dira na sheƙa gida a guje, na kai ƙararsa wurin Mama wai ya yanka akuya. Mama ta bar daka ta fita da sauri ta duba awakinta, ta ga sun cika, ta dawo ta murɗe mini kunne. Na yi kwanaki ba na yi masa magana, in aka aike ni da tuwonsa sai in dangwarar in juya. Amma Asabar na zagayowa na riga kowa hawa rumfa. Na tsani labarin, kuma na kasa barinsa, don yaran ba su koma gida ba tukuna.

Kafin ya gama golmo Yaya ya shiga soja, abokansa suka ƙarasa masa noman. A ƙasar Zuru wannan ba abin mamaki ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Ni kuma na tafi sakandare a cikin gari. Duk da haka yakan yi ƙoƙari hutunsa ya faɗo lokacin tsaron tsuntsu, ni ma in gudo gida ran Juma'a. Mun yi wa rumfar girma, ƙafafunmu na lilo, itacen na ƙara, ƙananan yara ne ya kamata su hau amma muka hana su. Labarin kuwa ya zama wani abu dabam. Tsuntsayen da muke kora suka shiga cikinsa, suka zama runduna mai rufe rana, in suka sauka a gari suka tashi ko kaza ba a samu. Tanko ya daina waƙarsa mai ban dariya, an ba shi mashi. Ya yi wani aboki mai yawan barkwanci, suna ci a kwano ɗaya, wata safiya aka tashi babu shi, labarin bai ko tsaya ya yi masa kuka ba. Sarakuna suka bar Hausar rediyo suka koma tsawa irin ta bariki. Akwai ranar da aka tura Tanko wani ƙauye, Yaya ya ce, "Ya yi abin da aka ce ya yi," sai ya koma murza igiya a hannu, tsuntsaye na ta cin dawa a gabanmu ba wanda ya kora. Ranar na gane abin da ya kamata in gane tuntuni. In ni ce Ladi, Ayuba ne Na-Baya, to Tanko ba baƙo ba ne. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Daga ranar, duk "sai mi?" da na tambaya, abin da nake nufi shi ne ko yayana zai dawo gida.

Zuwansa na ƙarshe waccan gona ana gab da girbi ne, ya ce an tura su Arewa maso Gabas. Ranar ya kai yaran har bakin ƙofar dutse. Suna hango hasken waje, suna jin ƙamshin tuwon uwarsu da miyar karkashi. Amma ƙofar ba ta tsayawa a buɗe sai wani ya tokare ta da bayansa, rundunar tsuntsaye kuma tana tafe. Tanko ya sa baya ya tokare. Na-Baya ya wuce, karo na farko a rayuwarsa shi ne a gaba. Ladi ta tsaya tana masifa, ta ce ba inda za ta, Tanko ya sa ƙafa ya ture ta waje ita da kwandonta. Na ce, "Sai mi?" Ya ce, "Sai baɗi." Na riƙe hannun rigarsa na ce don Allah Yaya, magana ɗaya, ya fito ko bai fito ba? Ya yi murmushi, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya dira ƙasa ya tafi taya Baba wasa magirbi.

Baɗi ta zo, Yaya bai zo ba. Shekaru suka yi ta wucewa, sai waya jefi-jefi, muryarsa can nesa tana yankewa, Mama na durƙushe kowace safiya da sunansa a bakinta. Kafin ya dawo, irin abin da ya tafi yaƙa a nesa ya iso ƙofar gidanmu. 'Yan bindiga suka fara tare hanya, suka kore shanun maƙwabta, mutane suka daina shuka dawa kusa da gari don kada ta zama maɓoya. Wata safiya muka ɗora abin da ya samu a bayan akori-kura muka dawo Zuru, muka bar rumbu da rumfa da kabarin Kaka. Baba bai sake ganin gonar ba har Allah ya ɗauke shi. Yaya ya dawo da ransa, mun gode Allah, da ƙafafunsa biyu, kunne ɗaya ne ya mutu. Ya auri Rifkatu wadda ya yi wa golmo, ta jira shi duk shekarun nan. Amma mutumin da ya dawo ba ya kumbura kumatu ya kwaikwayi kowa. Yakan zauna ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa, in yaro ya yar da murfin tukunya sai ka ga kafaɗarsa ta zabura. Na daure, na daure, ran nan dai na kai masa shayi na zauna ta wajen kunnensa mai ji, na ce, "Yaya, Tanko fa?" Ya kalli kofin ya ce, "Ina rumfa?" Da can in ya faɗi haka dariya ke cin sa. Wannan karon babu dariya, na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar Kyalla.

Yanzu ina da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Ayuba, wanda ake jira a hanya, direba ne, shi ke jiran mutane a tasha. Yaran yanzu ba sa jiran dawa. Nasu labaran a waya suke, kashi-kashi, in wannan ya ƙare su danna na gaba, su cinye ƙuruciyar jarumi da girmansa da mutuwarsa a hutu ɗaya, tun haƙorinsu na wuri bai gama fita ba. Ba na ganin laifinsu, tausayi suke ba ni. Mu an ba mu ɗacin ne kaɗan-kaɗan, daidai abin da cikinmu zai ɗauka a shekarar, kuma wanda yake ba mu ya riga mu sha. Ina kewar rumfar nan, ina kewar ƙarar itacenta da ƙaiƙayin dawa a wuya, har jiran ma ina kewarsa.

Bana da damina ta faɗi, Rifkatu ta ce mini, "Yayanki ya samu aron wani ɗan fili ta wajen Dabai, ya shuka dawa." Na ce to, ko banza ya rage zaman bango. Ban kawo komai a raina ba. Sai a watan Oktoba ɗiyata Hannatu ta shigo gida tana haki, ta ce Kawu ya kafa wani gado mai dogayen ƙafafu a gona, ya ɗora su a kai, ita da ƙaninta da 'ya'yansa. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Asabar na zagayowa na dama kunu na ce ni zan kai musu. Tun daga nesa na ji gwangwanaye. Rumfar gajeriya ce, ba ta wuce ƙirjina ba, babu tsauni a kusa sai wani dutse da bai fi ɗaki ba, amma Yaya ya samo masa tsaga. Na laɓe cikin dawa inda ba za su gan ni ba. Ga shi zaune a tsakiyarsu, kumatu a kumbure, biri alƙali yana yanke hukunci da Hausar rediyo, Kyalla tana yi masa rashin kunya, yara na birgima. Muryar da na yi shekaru ina nema ce, ba ta canza ba ko kaɗan. Na tsaya nan kunu na hucewa a hannuna, hawaye na zuba, ban ko share ba.

Da yaran suka sauko suka rufu a kan kunu, na matsa na dafa itacen rumfar. Ga rumfa, ga dawa da kai, ba shi da sauran hanzari. Na zagaya ta wajen kunnensa mai ji na ce, "To Yaya, yau dai sai ka gaya mini. Ya fito?" Ya dube ni, ya dubi yaran, ya yi dariya ya ce, "Haba Saratu, yanzu fa suka shiga. Ki bar su su sha kununsu." Kafin in sauke masa masifar da na tanada, Hannatu ta rugo ta kama zanena, bakinta duk kunu, ta ce, "Mama, kin san Kyalla? Ta fi kowa wayo, ba abin da zai taɓa samunta!" Na buɗe baki zan gaya mata ƙarshen Kyalla, na fasa. Yaya yana kallona daga sama, na gane yau ni ma an sa ni tokare ƙofa. Na goge mata baki da gefen zane na ce haka ne, bana ba abin da zai same ta.

Har yau ban san ko Tanko ya fito ba, amma na ji dariyarsa da kunnena. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yi wa dawa faɗa ta yi sauri, yanzu in na bi ta gonar nan roƙonta nake ta yi a hankali.